Daga hasken rana zuwa cikin shaho: ina kuzari yake shiga, ina yake tafiya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin kimiyya ne a wata ƙaramar sakandare kusa da Hadeja. Na koya wa yara cewa kuzarin da halittu ke rayuwa da shi daga rana yake, kuma kashi 10 cikin 100 kaɗai ke wucewa daga abin da aka ci zuwa jikin wanda ya ci. Sai wani yaro ɗan manomi ya ce ai shuka ƙasa da taki take ci, in ba haka ba me ya sa babansa ke sayen taki? Wata yarinya kuma ta ce, sauran kashi 90 ɗin ina suke zuwa, tunda mun ce kuzari ba ya ɓata? Don Allah a warware min yadda zan yi musu bayani da abubuwan da suka sani.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Yaran nan sun yi tambayoyi masu nauyi, kuma in aka bi a hankali tushen amsarsu ɗaya ne. Abu iri biyu ne ke yawo tsakanin halittu a kowane muhalli, ko gona ce, ko fadama, ko tafki. Akwai sinadaran da ake gina jiki da su, irin su kabon da naitirojin da ruwa. Waɗannan kewayawa suke yi, daga ƙasa da iska zuwa shuka, daga shuka zuwa dabba, su sake komawa ƙasa da iska. Akwai kuma kuzari, wato abin da ke sa motsi da girma da ɗumin jiki. Shi hanya ɗaya yake bi: ya shigo cikin hasken rana, ya zama zafi ya fita, ba ya dawowa. Yaron yana maganar na farko ne, yarinyar kuma na biyu.

Za mu buƙaci ma'aunin kuzari ɗaya, megajul. Baligi yana buƙatar megajul 9 zuwa 10 a yini, kwatankwacin abin da ke cikin gero gram 600. Busasshen jikin shuka kuwa, kara ne ko ganye ko saiwa, kowane kilo yana ɗauke da megajul 17 ko 18.

Mu fara da ɗan manomi. Tunaninsa shi ne tunanin masana na ɗaruruwan shekaru, har wani likita a ƙasar Beljiyam ta yau mai suna Jan Baptista van Helmont ya gwada abin da sikeli. Ya busar da ƙasa wajen kilo 90 ya zuba a tukunya, ya dasa reshen wata bishiyar bakin rafi mai nauyin kilo 2 da 'yan kai, ya shekara 5 ba ya ba ta komai sai ruwa. Da ya tumɓuke ta, bishiyar ta kai wajen kilo 77, ƙasar kuwa abin da ya ragu daga cikinta bai cika gram 60 ba. An buga sakamakon a 1648. Shi ya zaci ruwa ne kaɗai ya zama itace, a nan ya yi kuskure, amma ya tabbatar da cewa bishiya ba ƙasa take haɗiya ba.

Ga ainihin abin da ke faruwa. A jikin ganye, musamman ta bayansa, akwai ƙananan ƙofofi da ba a ganinsu sai da madubin likita. Ta nan iskar kabon dayoksaid take shiga, duk da ƙarancinta, domin wajen kashi 4 ce cikin 10,000 na iskar da muke shaƙa. Ruwa yana hawowa daga saiwa. Sinadarin da ke sa ganye ya yi kore, kulorofil, yana cafke hasken rana ya fasa ruwan da shi, iskar oksijin ta fita waje, abin da ya rage ya haɗu da kabon ya zama sukari. Wannan aikin shi ake kira fotosintesis. Daga sukarin nan shuka take yin sitacin ƙwayar gero da man gyaɗa da zaren auduga da itacen tsamiya. In ka busar da shuka sarai, wajen kashi 45 cikin 100 na nauyinta kabon ne, kuma duk daga iska ya zo.

Hujjar da yara za su fi ganewa tana bakin murhu. A ƙona damin kara guda. Harshen wutar da zafinta su ne kuzarin ranar da karan ya tara a damina. Hayaƙin da ya tashi, mafi yawansa kabon ne da tururin ruwa suna komawa iskar da suka fito. 'Yar tokar da ta rage, wadda ba ta cika kwano ba, ita ce kusan duk abin da dawar ta ɗauko daga ƙasa, ban da naitirojin wanda shi ma yake bin hayaƙi.

To me ya kai baban yaron kasuwar taki? Domin ba a gina kulorofil da furotin sai da naitirojin, saiwa da ƙwaya kuma suna buƙatar fosfaras, buɗewa da rufewar ƙofofin ganye yana buƙatar potash. Ka kwatanta musu da injin niƙa. Taki shi ne duwatsu da bel da kusoshi, rana ita ce man da ke juya shi. Masarar da ta rasa naitirojin ganyenta na ƙasa ne ke fara yin rawaya, faɗinsa ya ragu, hasken da take kamawa ya ragu, buhunan da za a ɗauka su ragu. Amma a zuba mata buhun taki guda a cikin ɗaki mai duhu, cikin kwanaki za ta yi fari ta zanƙale ta mutu.

Akwai gwajin da za ka yi a aji ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba. Ka sami wake ko dankali da aka shuka a gwangwani, ka sa shi a wuri mai duhu sosai na awa 48 don ya cinye sitacin da ke ganyensa. Ka rufe rabin ganye ɗaya da baƙar takarda sama da ƙasa, ka fitar da shi rana awa 5 ko 6. Ka tsinke ganyen ka tsoma a tafasasshen ruwa na minti ɗaya. Daga nan ka sa shi a ƙaramar kwalba mai sifirit, ka tsaya da kwalbar a cikin kwanon ruwan zafi har koren ya fita ganyen ya yi fari. Ka ɗauraye shi da ruwan ɗumi don ya yi laushi, ka shimfiɗa a faranti, ka ɗiga masa aidin. Inda rana ta taɓa zai yi baƙi mai shuɗi-shuɗi, inda aka rufe zai tsaya ruwan ƙasa. Abu uku ke ɓata gwajin. In ba a bar shukar a duhu yadda ya kamata ba, duk ganyen zai yi baƙi. In aka ɗauki ganyen albasa ba za a ga komai ba, don ita ba sitaci take ajiyewa a ganye ba. Na ukun kuma haɗari ne: kada a taɓa ɗora sifirit kan wuta kai tsaye, a kashe risho kafin a buɗe kwalbar.

Yanzu nawa shuka take kamawa daga ranar da ke dukanta? A ƙasar Hausa kowane murabba'in mita yana samun hasken da ya kai wajen megajul 20 a yini. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. A kwana 100 na damina ke nan megajul miliyan 20 ya sauka a kanta. Mu ɗauka gonar gero ce ta yi kyau, ta ba da buhu 10 na kilo 100, ga kara da ganye tan 3, ga saiwa tan 1. Duka tan 5 ke nan, a ninka da 17, megajul 85,000. Bai kai rabin kashi ɗaya cikin 100 na hasken ba. Dalilan suna da yawa. Kusan rabin hasken rana irin da kulorofil ba ya iya amfani da shi ne. A makonnin farko shukar 'yar ƙarama ce, hasken a kan tsurar ƙasa yake sauka. In fari ya shigo, ganye yana rufe ƙofofinsa don kada ruwa ya tsere, kabon kuma ya daina shiga. Ko da komai ya daidaita, iyakar da masana suka lissafa wajen kashi 6 ce ga gero da dawa da masara da rake, kashi 4 da rabi kuma ga shinkafa da alkama da wake. Bambancin ya zo ne domin su gero suna da wata dabara ta tara kabon a cikin ganye, wadda ke ba su damar aiki a tsakar rana mai zafi ba tare da asarar ruwa mai yawa ba. Shi ya sa alkama a Kadawa sai lokacin sanyi da ban ruwa, gero kuwa yana yi a jigawa.

Akwai wani dalili da yara kan rikice a kansa. Shuka ma tana numfashi, dare da rana, kamar mu. Tana ƙona sukarin da ta yi da oksijin don ta tura saiwa, ta jawo sinadarai, ta gyara jikinta. Kusan rabin abin da ta samar ita take cinye shi. Ko hatsin da ke rumbu rayayye ne yana numfashi a hankali. In aka zuba shi da danshi fiye da kashi 13 ko 14 cikin 100, numfashinsa da na funfuna da ƙwari yana ƙaruwa, sai ka sa hannu a tsakiyar buhu ka ji ɗumi. Wannan ɗumin abincin iyali ne yake tafiya.

Ɗumin nan shi ne amsar yarinyar. Mu bi saniya ɗaya mai nauyin kilo 250. Tana cin busasshen abinci wajen kilo 6 a yini, megajul 100 ke nan da ɗan ɗoriya. Saniya ba ta iya narkar da ciyawa da kanta. Cikinta ɗaki huɗu ne, babban shi ne tumbi, cike da ƙwayoyin halitta masu rai waɗanda su ne suke ruɓar da zaren ciyawar, ita kuma tana taimaka musu da tuƙa. Duk da haka, in ciyawar ba ɗanya shar ba ce, kusan rabin kuzarin yana fita cikin kashi ba tare da ya shiga jini ba. Wajen megajul 10 kuma yana fita cikin fitsari da iskar metan da take gyatsawa. Saura arba'in da wani abu. Daga ciki, sama da 30 na zaman rai ne kawai: bugun zuciya, numfashi, riƙe zafin jiki a kusan digiri 38 da rabi, tafiya kiwo da mashaya. Duk wannan zafi yake zama ya bi iska. Abin da ya rage shi ake gina nama da kitse da shi, shi ma da asararsa. In ta ƙara gram 300 a yinin, kuzarin da ke cikin gram 300 ɗin bai wuce megajul 4 ba. Daga 100 an tashi da 4.

Saboda haka ka gaya wa ɗalibar cewa maganarta gaskiya ce, ba abin da ya ɓata. In aka tara na kashi da na fitsari da na gyatsa da na zafin jiki da na nama, lissafi zai cika cif. Sai dai zafin da ya watsu a iska babu ganyen da zai iya kama shi ya mayar da shi sukari. Daga ƙarshe ficewa yake yi daga duniya zuwa sararin sama. Shi ya sa kullum sai an sami sabon haske.

Wannan lissafin ne ke bayyana ramar shanu a bazara. Busasshen kara ba ya narkewa sosai, kuma in furotin ɗin abinci ya gaza wajen kashi 7 cikin 100, ƙwayoyin tumbi suna raunana, abinci ya daɗe a ciki, saniya ta rage ci. Abin da ke shiga jini ya gaza na zaman rai, sai ta koma ƙona kitsen tozo da naman jikinta. Harawar wake ko ta gyaɗa, da dusa, da angurya, da 'ya'yan gawo, ko kaɗan aka ba ta suna tayar da aikin tumbi, karan da take ci ya fara yi mata amfani.

Kashi 10 ɗin da ke littafi matsakaici ne, ba doka ba ce. Asalin wannan hanyar lissafi daga aikin wani matashi Ba'amurke ne, Raymond Lindeman, wanda ya yi shekaru yana auna halittun wani ƙaramin tafki a jihar Minisota. An buga aikin a 1942, watanni kaɗan bayan rasuwarsa yana da shekara 26. Abin da aka auna a wurare dabam-dabam tun daga lokacin yakan faɗa tsakanin kashi 5 da 20. Babban abin da ke kawo bambanci shi ne ko dabba tana hura wa jikinta wuta ko ba ta yi. Tsuntsaye da dabbobi masu shayarwa a daji, abin da suke mayarwa nama da 'ya'ya bai fi kashi 1 zuwa 3 na abin da ya shiga jininsu ba. Kifi da kwaɗo da ƙadangare da fara kuwa zafin jikinsu na wurin da suke ne, ba sa biyan wannan kuɗin. Shi ya sa mai kiwon tarwaɗa yake samun kilo ɗaya na kifi da abinci kilo 1 zuwa 1 da rabi, mai kajin nama wajen kilo 2, mai turkar sa kuwa kilo 6 zuwa 10. A lura dai, abincin busasshe ne, naman kuwa kusan kashi uku cikin huɗu ruwa ne, don haka ko tarwaɗa ba ta mayar da duk abin da ta ci nama.

Ka zana musu dala a allo, irin dalar gyaɗar Kano, ka yi amfani da kashi 10 ɗin don sauƙi. A gindi akwai megajul 85,000 na gonar geronmu. Hawa na biyu masu cin shuka ne, fara da ɓeraye da jan baki, 8,500. Hawa na uku masu cin waɗannan, ƙadangaru da kwaɗi da macizai, 850. A ƙololuwa shaho, 85. Amfanin hekta guda na damina ɗaya, da ya kai sama, bai fi abincin mutum ɗaya na kwana 9 ba. Wannan ne ya sa da wuya sarƙar ci-da-ciyarwa ta wuce hawa huɗu ko biyar, kuma shi ya sa fara take rufe gona amma shaho sai ɗaiɗai. Zaki yana cin nama kilo 5 zuwa 7 a yini in aka raba, wajen tan 2 a shekara. Garken da zai jure a cire masa tan 2 kowace shekara ba tare da ya ƙare ba dole ya yi yawa, kuma dole ya sami makiyaya mai faɗi. Dajin Yankari ya fi murabba'in kilomita 2,200, amma zakunan da zai iya ɗauka ƙalilan ne ko da babu mafarauta, kuma duk gada ko ɓaunar da aka harbe ta ɓarauniyar hanya daga abincinsu aka cire.

Kada yara su ɗauka daga nan cewa kiwo ɓarna ne. Gaskiya ne buhun geron da aka tuƙa tuwo ya fi ciyar da mutane a kan buhun da aka ba sa sannan aka ci namansa. Amma mutum ba ya cin gamba ko kyasuwa ko kara. A arewacin Damagaram da Tawa, inda ruwan sama bai isa noma ba, saniya da akuya da raƙumi su ne hanyar da kuzarin ciyawa yake zama nono da nama. Tumbi yana buɗe mana rumbun da ba mu da mabuɗinsa.

Dalar nan tana ɓoye wani abu babba. A mafi yawan dazuzzuka da makiyaya, kaso mafi girma na abin da shuka ta samar ba a cin sa ɗanye. Bushewa yake yi ya faɗi, ya haɗu da kashin dabbobi da mushe, sai wata runduna ta karɓa: gara, buzuzu, tana, funfuna, naman kaza, bakteriya. Su ma kuzari suke nema, ƙona abin suke yi da numfashinsu kamar kowa. Juji ko tulin takin gargajiya da aka jiƙa daidai yakan kai digiri 55 zuwa 65 a tsakiyarsa, kuma zafin daga numfashin waɗannan halittu yake. In tulin bai yi zafi ba, ko ya bushe, ko kara ya yi yawa kashin dabba ya yi kaɗan. In yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, ruwa ya yi yawa iska ba ta shiga, sai a juya shi. Da sun gama, kuzarin ya tafi, sinadaran kuma sun kuɓuta, saiwa ta sake ɗauka. A nan zagayen ɗan manomi yake rufewa.

Gara ta cancanci a tsaya a kanta. Irin mai gina dogon suri noma take yi a cikin gidanta. Ma'aikata suna kwaso busasshen kara da itace, su tauna, su gina wani abu mai ramuka kamar saƙar zuma, wata irin funfuna ta tsiro a kai ta narkar da shi, sannan garar ta ci. Manoman Illela ta jihar Tawa sun mayar da ita 'yar ƙwadago a aikin tassa. A fako mai tauri suna haƙa ramuka masu faɗin santimita 20 zuwa 30 da zurfin 10 zuwa 20 tun da rani, su tara ƙasar ta gefen gangare, su zuba taki cikin tafin hannu ɗaya ko biyu. Gara ta biyo takin don abincinta, ta huda ƙasar da hanyoyi, ruwan farko ya sami inda zai shiga maimakon ya gudu. Manomin da ya cinna wa ragowar kara wuta a sharar gona kuwa ya sallami kuzarin cikin minti kaɗan, ya hana wannan rundunar abinci, naitirojin ya bi hayaƙi, ƙasa ta zauna tsirara ga iska.

Akwai masu samun kuzari ta hanyar tsotso. Ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, ƙwayarsa kamar ƙura take, ba ta da guzurin da zai kai ta sama. Tana iya kwanciya a ƙasa sama da shekara 10 har sai ta ji sinadarin da saiwar dawa ko gero ko masara ke fitarwa, sannan ta tsiro ta cusa kanta cikin saiwar tana zuƙe ruwa da sukari. Kafin furen ya bayyana an riga an yi ɓarnar a ƙarƙashin ƙasa, amma cire shi kafin ya zubar da iri yana rage na baɗi. Kauci a kan bishiya da kaska a jikin sa duk wannan sana'ar suke yi.

Wani yaro mai kaifi zai iya tambaya ko akwai halittar da ba ruwanta da rana. Akwai. A 1977 masu bincike sun sauka ƙasan teku kusa da tsibiran Galapagos, zurfin wajen mita 2,500 inda haske ba ya kaiwa, suka tarar da tsutsotsi da kaguwa da dodon koɗi cunkushe a bakin maɓuɓɓugan ruwan zafi. Gindin dalarsu bakteriya ne masu ciro kuzari daga sinadarin kibiritu. Ko a gonar baban yaron akwai bakteriya masu rayuwa da kuzarin da suke samu wajen sauya sinadarin takin yuriya.

Yaranka suna zaune a gefen dausayin Hadeja da Nguru, inda za su ga da idonsu abin da ke faruwa in hanyar kuzari ta karkace. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tsarin ambaliya da janyewa ya sauya, wasu magudanai suka riƙa zama da ruwa duk shekara. Ciyawar kachalla ta sami abin da take so ta mamaye. Tana kama hasken rana sosai, amma kaɗan ne daga dabbobi ke cin ta, ta kuma toshe hanyoyin ruwa da na kifi, ta cinye filayen shinkafa da na ciyawar burgu. Ta zama masaukin jan baki, tsuntsun da nauyinsa wajen gram 20 ne amma yake sauka gona dubbai a tare. Hasken da a da yake zama kifi da nono da shinkafa yanzu yana zama kachalla.

Mai kududdufin kifi ma yana gamuwa da wannan darasi. Yana zuba kashin kaji don ruwa ya yi kore, koren nan kuwa ƙananan tsirrai ne da karfasa take ci, kuma suna ninkuwa cikin kwana ɗaya ko biyu. In takin ya yi yawa ruwan ya yi kauri, da rana oksijin yana cika shi. Da dare fotosintesis ya tsaya, amma tsirran da kifin da bakteriyar laka duk suna ci gaba da numfashi. Zuwa asuba iskar ta ƙare, sai a tarar da kifi a saman ruwa suna haki. Ya fi muni bayan kwanakin hadari, da kuma lokacin zafi, domin lita ɗaya ta ruwa mai digiri 30 miligram 7 da rabi na oksijin kawai take iya riƙewa, alhali mai digiri 20 tana riƙe 9. Gwajin da sauƙi: a tsoma hannu har gwiwa. In tafin ya ɓace tun kafin ruwa ya kai gwiwar hannu, koren ya yi yawa, a dakatar da taki, a rage abinci, a sako sabon ruwa. Tarwaɗa tana jurewa don tana iya shaƙar iskar sama, karfasa ba ta da wannan gatan.

Abu ɗaya ne ke ƙaruwa yayin da ake hawa dala, shi ne gubar da jiki ba ya iya fitarwa. Tunda sai babban kifi ya ci kilo da yawa na ƙanana kafin ya ƙara kilo ɗaya, kuzarin yana ƙonewa amma gubar duk tana zama a jikinsa. Haka maganin ƙwari na DDT ya taru a jikin mikiya da shaho a Amurka har ɓawon ƙwansu ya riƙa fashewa a ƙarƙashin uwa, aka hana amfani da shi a gonaki a can a 1972. Haka kuma zaiba daga wata masana'anta ta shiga kifin gaɓar Minamata a Japan, aka gano cutar a jikin masunta da iyalansu a 1956, da karkarwa da makanta da haihuwar jarirai masu lalurar ƙwaƙwalwa. Masu haƙar zinariya a Zamfara da yammacin Nijar suna amfani da zaiba wajen kama zinariya. In ta shiga lakar kogi, bakteriya suna sauya ta zuwa irin da ke maƙalewa a tsokar kifi, kuma dafuwa ko ƙyafi ba sa fitar da ita. A ruwan da ke ƙasa da wurin wankin zinariya, manyan tsofaffin kifaye masu cin kifi irin giwan ruwa su ne suka fi ɗaukar ta, ƙananan karfasa masu cin tsirrai sun fi su sauƙi nesa ba kusa ba, kuma masu juna biyu da ƙananan yara su ne suka fi cutuwa.